Camama ma karatu ce

Mu bakwai ne muka yi karo-karo muka shirya fim ɗin barkwanci na minti 20 a matsayin furojet ɗinmu na ND II. Labarin wani ɗalibi ne da ya cinye kuɗin makarantarsa, sai ya koma soya awara a ɓoye a hostel don kada labari ya kai wa babansa. Kyamara ɗaya ce a sashenmu, ita ma sai an bi layi, don haka rabin fim ɗin da waya muka ɗauka.

Ranar difens, wani malami ya kalli minti uku ya ce, "Wai ku camama kuka kawo mana?" Aka kwashe da dariya, amma ba irin wadda muka wahala muna nema ba.

Ina girmama Malam, sai dai ban yarda da shi ba. Wallahi ba abin da ya koya min aiki kamar fim ɗin nan. A barkwanci, in ka yanke hoto da jinkirin daƙiƙa ɗaya, abin dariyar ya mutu. Ƙarar janareta ta lalata mana fitowa guda, dole muka sake ɗauka bayan sallar Asuba. Jaruminmu kuma ya je ya yi aski ana tsakiyar aiki, sai hula muka ɗora masa. Wane handawut ne zai koya maka wannan?

Kuma mu tuna, Kannywood ɗin da muke gani ba da manyan kuɗi ta fara ba. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, da wannan camamar da ake rainawa ya shiga gidaje har Nijar.

Abin da ya fi damuna shi ne makomar ayyukanmu. Ana ba da maki, filashi ya shige durowa, shi ke nan. Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta ware dare ɗaya a ƙarshen kowane zango, a ari furojekta, a nuna finafinan ɗalibai a babban ɗakin taro. Malamai su zo, a yi gyara a gaban kowa.

Mu dai mun kusa tafiya. 'Yan ND I, ku ne za ku matsa a yi.