MOTA DA HANYA: Yadda mota ta mutu shi ke nuna ciwonta

Daga Damagaram zuwa Tanut wajen kilomita 150 ne a kan babbar hanya mai lamba 11, wadda ta zarce Adarbisanat har Agadas. Duk wanda ya saba bin ta a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san hoton nan: mota a gefen gudron, kapo a buɗe, direba da karen mota sun tura kawunansu ciki, mai kaya kuwa yana tsaye yana lissafin kasuwar da za ta tashi bai iso ba. Haka yake ga ma'aikacin gwamnati da aka aika rangadi ƙauyukan Tarka, tun da Balbeji ta zama sashen mulki mai zaman kansa a 2011. A can ma abin ya fi tsanani, domin rairayi ne da gargada, kuma gareji yana da nisa.

Mafi yawan dukiyar da ake hasara ba a dajin ake hasarar ta ba. A gareji ne, bayan an jawo motar. Makanike ya tambaya yadda aka yi, mai mota ya ce ta mutu kawai. Daga nan sai canki-canki: yau a sake bugi, gobe bobin, jibi famfon mai, kowanne da kuɗinsa, alhali ciwon ɗaya ne tak. Tun faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, wadda ta ninka kuɗin kayan da ake sayowa daga Turai, masu mota suka san ɗacin wannan, kuma ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano aka samo kayan, ba kyauta ake ba da su ba. Abin da ya kamata makanike ya ji shi ne labarin minti ɗayan da ya gabaci mutuwar, wanda direba kaɗai ya gani.

Kafin komai, sai an tsira da rai. In inji ya mutu mota tana gudu, sitiyari kan yi nauyi, birki kuma ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai taku ɗaya ko biyu. Kada direba ya zare makulli, domin sitiyari na iya kullewa. Ya gangara gefe a hankali, sa'an nan ya dubi tablo tun bai taɓa komai ba.

Motar da ta fara tari, tana fizga, ƙarfinta yana raguwa, musamman a hawa ko cikin rairayi, kafin ta yi shiru, yunwar mai ce ta kashe ta. A Damargu wannan shi ne ciwon da ya kamata a fara zargi. Abin mamaki, matatar man ƙasar, SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 da ƙarfin ganga 20.000 a rana, a cikin sashen Tanut take, a gundumar Olelewa. Amma shekara da shekaru, man da ya fi shiga tankunan ƙauye shi ne na kwalba da jarka, wanda ake kira ruwa-ruwa, da ake shigowa da shi daga Najeriya saboda araha, har zuwa Mayun 2023 da aka janye tallafin mai a can. Man da ya bi jarka uku kafin ya kai tanki ba ya rasa ƙura, tsatsa ko ruwa, ko da mai sayarwa mutumin kirki ne. Dattin yana taruwa a filtar, mai yana wucewa kaɗan-kaɗan: ya ishi inji a tsaye, ba ya isar sa da lodi. Shi ya sa irin wannan mota kan tashi bayan ta huta, ta yi kilomita biyar, ta sake faɗuwa. Ruwa kuma ya fi mai nauyi, yana kwanciya a gindin tanki, sai gargada ta motsa shi. Gwajin ba shi da wuya: a tsiyayo man a kwalba mai haske a ajiye ta, in akwai ruwa zai koma ƙasa.

Akwai wani ƙaramin abu da ya sha kunyata manyan direbobi, wato murfin tanki. Dole iska ta shiga ta maye gurbin man da aka sha. In ƙura ta toshe kafar, famfo ya yi ta ja bai samu ba. Duk wanda ya kwance murfi ya ji tanki ya shaƙi iska da ƙarfi, kuma mota ta tashi nan take, ya gano ciwon ba tare da ya kashe ko dala ba. Tsofaffin motoci masu karbirater, irin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, suna da nasu halin: in rana ta take, esansi kan zama tururi a cikin bututu, famfo kuwa ba ya jan tururi. Tsumma jiƙaƙƙe da tsofaffin direbobi ke ɗorawa a kan famfo ba camfi ba ne. Motocin zamani kuwa famfonsu na lantarki ne, yana cikin tanki, man ne ke sanyaya shi. In an murɗa makulli ba a ji ɗan gurnaninsa na daƙiƙa biyu ba, a duba fiyus da rele kafin a yanke masa hukunci. Ma'aikacin da ya saba zuba lita biyu-biyu har ƙarshen wata, shi ne ke gajarta ran famfonsa.

Mutuwar farat ɗaya, kamar an kashe makulli, ba tari ba gargaɗi, wannan ta wuta ce. A nan tablo ne shaida. In ya yi duhu gaba ɗaya, wuta ta yanke daga tushe: kan batir da gargada ta sassauta, ko wayar da ta haɗa batir da jikin mota, ko wurin makullin kansa. In kuwa jajayen fitilu sun kama, batir na nan, sai a nemi bobin, delko, ko, a sababbin motoci, ƴar na'urar da ke ƙidaya juyin inji. Bobin da wannan na'ura halinsu ɗaya: in sun fara lalacewa suna aiki da sanyi, su ƙi da zafi. Motar da ke mutuwa bayan ta yi tafiyar awa guda, ta kuma tashi lafiya bayan rabin awa a inuwa, su take nunawa. Wanda fitilar batir ta kama masa tun daga Bakin Birji ya yi biris, har fitilun gaba suka dushe, ba shi da abin bincike: alternater ya daina caji, ko kuruwarsa ta tsinke, mota ta cinye abin da ke cikin batir.

Masu gazuwal, Hilux da Land Cruiser da Hiace na ƴan kasuwa, ba su da tartsatsin bugi, saboda haka bincikensu ya fi gajarta. Tsofaffin nasu abu uku ne ke kashe su: iska a bututu, ruwa a filtar, da ɗan bawul na lantarki da ke kan famfon allura, wanda ke rufe mai in wayarsa ta fita. A kwance magudanar da ke ƙarƙashin filtar a zubar da ruwan, a yi ta danna famfon hannu da ke samansa har ya yi tauri. In ya ƙi yin tauri, akwai inda iska ke shiga.

Sauran biyu su ne masu tsada, kuma a cikinsu gaggawa ce ke ƙara ɓarna. In an murɗa makulli demarer ya juya da sauri fiye da yadda ya saba, babu nauyi, mai yiwuwa kuruwar cikin inji ce ta tsinke. Kowane ƙarin murɗawa na iya lanƙwasa bawuloli, turawa kuma ta fi muni. Injunan gazuwal na Toyota na da suna da fitila mai rubutun T-BELT da ke kamawa a kilomita 100.000, amma sau da yawa akan kashe fitilar ne a bar kuruwar. In kuma allurar zafi ta hau ja, ko fitilar bakin mai ta kama, inji ya yi ƙara ya tsaya, demarer ya kasa juya shi, to inji ya kafe. Kada a buɗe radiyater da zafinsa, kada a sheƙa masa ruwan sanyi. A nemi igiya.

Motocin da aka shigo da su ta Kwatano suna da wurin jona kwamfutar bincike, wanda dokar Turai ta tilasta wa masu esansi tun 2001, masu gazuwal tun 2004, kuma gareji da dama a Damagaram suna da na'urar. Tana da amfani, sai dai lamba take bayarwa, ba ta ganin ruwan da ke gindin tanki. Wani lokaci cire kan batir a daji yana share abin da ta adana, saboda haka a rubuta abin da tablo ya nuna kafin a cire.

Wanda zai bar gudron ya nufi Balbeji ko Tenhiya, ya riƙe filtar guda, fiyus, kuruwar alternater, sifana mai lamba 10, kwalba mai haske, da ƙyallen tace mai. Jarkar ruwan sha ta zama dabam da ta radiyater, kuma a sanar da wani a gida lokacin da ake sa ran isa.