Yayen Kwamfutar Goyo: A Fara Da Kwafi Kafin A Raba Gida

Makon jiya wani ɗalibi da ke shekarar ƙarshe a fannin kimiyyar kwamfuta ya same ni da laftof a hammata, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya ce, "Malam, ta ƙi tashi." Na danna maɓalli, sai ga baƙin allo da ɗan layin rubutu mai cewa babu babbar manhajar da za a tayar. A cikin na'urar akwai babi huɗu na kundin kammala karatunsa. Abin da ya so yi ba laifi ba ne: ya so ya fitar da Linux daga cikin VirtualBox, ya ba ta mazauni nata na kanta a gefen Windows. Sai ya kwafo umarni guda daga intanet, ya zartar da shi a kan faifan ajiyarsa gaba ɗaya. Kafin ya farga aikin gama ya gama.

Bari mu fara daga tushe domin mai karatun da bai saba da harkar ba. Akwai manhajoji irin su VirtualBox da VMware da QEMU waɗanda ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta. Ni nakan kira ta kwamfutar goyo, domin ba ta taka ƙasa da ƙafarta. A bayan Windows take, abin da uwar ta rage mata take ci. Faifanta ma ba faifai ba ne na zahiri; wani babban fayil ne guda, mai suna VDI a wajen VirtualBox, ko VMDK a wajen VMware. Kamfanin Innotek na ƙasar Jamus ne ya saki VirtualBox ga jama'a a 2007, Sun ya saye shi a 2008, sannan Oracle ya gaje ta a 2010. Kyauta ce, shi ya sa yawancin ɗalibanmu a cikinta suka fara ganin fuskar Linux.

Amma goyo yana da nauyi. Laftof ɗin hannu na biyu mai ma'adanar RAM gigabayit 4, in ka raba ta tsakanin uwa da goyo, kowa sai ya kwana da yunwa. Ga kuma wani dalili: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, abubuwan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Saboda haka wanda ya shekara yana girka manhajoji da tsara aikinsa a kwamfutar goyo, yana da hujjar son yaye ta. Idan aka yi yayen, faifan ajiya ya zama gida mai sassa biyu. Duk lokacin da aka kunna na'ura, mai gadi zai tare ka a zaure ya tambaye ka sashen da za ka shiga, kuma wadda ka zaɓa ita ke da ƙarfin na'urar dukkansa har ka fito.

Ina kuskuren ɗalibina yake? Fayil ɗin VDI hoton faifai ne cikakke, har da taswirar sassansa. Ya mayar da shi ɗanyen hoto a wani faifan waje, wanda daidai ne. Umarnin VBoxManage ko qemu-img na yin wannan. Daga nan sai ya sa umarnin dd ya zuba hoton a kan faifan laftof tun daga farkonsa. Shi kuwa dd ba ya tambaya, ba ya gargaɗi. Taswirar goyo ta hau kan taswirar uwa, Windows ta bi ruwa. Ko da a cikin sashe guda ya zuba shi ma, da ba ta tashi ba, domin ya cusa gida sukutum a cikin ɗaki.

Hanyar da ta fi aminci tana da matakai, kuma jerinsu na da muhimmanci. Na farko, a kwashe duk abin da ake tsoron rasawa zuwa wani faifai dabam, a buɗe kwafin a tabbatar yana aiki. Idan BitLocker na kunne, a rubuta mabuɗinsa na ceto mai lambobi 48 a takarda. A kashe tsarin saurin tashi na Windows, domin yakan bar faifai a rabin barci. Sannan a tsuke sashen Windows daga cikin ita Windows ɗin, a samar da fili. A nan ina jan kunne: kada a taɓa wannan aiki da mataccen batir ana dogaro da wutar lantarki. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gyaran sassa, sai dai a yi salati.

Na biyu, a tayar da na'ura daga filasha mai ɗauke da Linux, a tsara sabon filin da tsarin ext4, a buɗe hoton goyon da losetup, a kwashe fayilolinsa zuwa sabon sashe da rsync, tare da kiyaye izinin kowane fayil. Kaya ake kwashewa, ba ginin ba.

Na uku shi ne canjin adireshi. Kowane sashe yana da doguwar lambar shaida da ake kira UUID, kuma Linux tana neman sassanta da waɗannan lambobi a cikin fayil ɗin fstab. Sabon sashe, sabuwar lamba. In ba a gyara ba, za ta tashi tana cigiyar gidan da ta baro. Haka kuma a sabunta initramfs, wato ƙunshin direbobin da take buƙata a daƙiƙun farko, domin ta gane faifan gaske, a kuma cire Guest Additions, waɗanda zanen goyo ne da ba shi da sauran amfani.

Na huɗu shi ne mai gadin zaure, wato GRUB. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. VirtualBox takan tayar da Linux ta tsohuwar hanyar BIOS sai in an sauya mata, alhali kwamfutocin da suka fito tun zamanin Windows 8 a 2012 galibi da UEFI suke tashi. Dole a girka GRUB irin na UEFI a cikin ɗan ƙaramin sashen EFI da Windows ke amfani da shi, ba tare da an goge shi ba. Kuma tun daga GRUB 2.06 na 2021, ba ya neman maƙwabta da kansa sai an kunna masa os-prober. Wanda bai san haka ba zai ɗauka Windows ta ɓace, alhali tana nan daram.

Bayan tarewa ma zaman na buƙatar haƙuri. Linux tana ajiye agogon na'ura bisa lokacin duniya, Windows kuwa bisa lokacin gari. Tunda Najeriya da Nijar na gaba da awa guda, za ka koma Windows ka tarar agogo ya ja baya da awa ɗaya har sai ka daidaita su. A watan Agustan 2024 kuma, wani sabuntawar tsaro na Microsoft ya hana Linux tashi a wasu na'urori masu sassa biyu. Mai irin wannan gida ba ya rabuwa da filashar ceto.

Duk wannan bayani a kan Linux ne. Idan Windows ce a goye, lamarin ya fi wuya, domin lasisinta a ɗaure yake da na'urar da aka girka ta, kuma ba ta cika jure sauyin direbobi ba.

Ra'ayina shi ne, ba kowa ke buƙatar wannan yaye ba. Wanda umarnin Linux kawai yake son koya, WSL da ke cikin Windows ta ishe shi. Wanda bai tara komai a goyonsa ba, girka sabuwa ya fi masa sauƙi. Amma ɗalibin kwamfuta ya kamata ya yi wannan aiki ko sau ɗaya ne, domin a nan zai ga yadda na'ura ke tashi, abin da allo da alli ba za su nuna masa ba. Ina kira ga sassan koyar da kwamfuta su ware tsofaffin na'urori domin wannan gwaji, kada ɗalibi ya koyi wanzanci a kan kundinsa.

Na lallashi ɗalibina da cewa Linus Torvalds kansa, wanda ya fara Linux yana ɗalibi a Helsinki a 1991, ya taɓa lalata sashen Minix na kwamfutarsa bisa kuskure. Ya yi murmushin yaƙe. Babi biyu mun same su a saƙon imel da ya taɓa aika wa malamin da ke duba aikinsa. Sauran biyun yana can yana sake rubuta su daga farko. Sauri ya haifi nawa. Kai kuma mai karatu, kafin ka ajiye wannan jarida, tambayi kanka: a wuri nawa aikinka yake?

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.