Yawan hatsi na gurgunta doki da jaki

Hunturu ya shigo. A wannan lokaci da yawa daga cikinmu muna ƙara wa doki da jaki hatsi, wai don su jure sanyi. Niyyar mai kyau ce, amma muna ganin akwai gyara.

A Arlit da Akokan ruwan sama kaɗan ne, makiyaya kuma ba ta wadata ba. Dabbobinmu sun saba da busasshiyar ciyawa da harawa. Idan muka cika masu ciki da gero, masara ko alkama rana ɗaya, hatsin yana tsami a hanji. Dafinsa ya shiga jini, ya sauka ƙafa, naman da ke riƙe da kofato ya kumbura. Wannan shi ne ciwon kofato. In ya tsananta, ƙashin cikin kofato yana gocewa, dabba ta gurgunce.

Ɗanyen haki na garka shi ma yana kawo ciwon. A Disamba da Janairu, hasken rana da sanyin dare suna tara sukari a cikinsa. Dabba mai ƙiba, mai kitse a wuya, ta fi saurin kamuwa.

Ga alamomi: kofato ya yi zafi. Dabba tana ƙin tafiya, tana miƙa ƙafafun gaba, tana mai da nauyinta baya. Jaki yana ɓoye ciwo, sai dai mu ga ya yawaita kwanciya.

In mun ga haka, mu tsai da hatsi da ɗanyen haki nan take. Mu tsai da aiki. Mu kai dabba kan rairayi mai laushi, mu sa ƙafafunta cikin ruwan sanyi, mu kira likitan dabbobi. Kada mu bar ta da yunwa, musamman jaki, domin yunwa tana jawo masa wata cutar mai kisa.

Rigakafi ya fi magani. Busasshiyar ciyawa ita ce tushen abinci. Hatsi kaɗan-kaɗan, gwargwadon aiki. Sabon abinci a shigo da shi sannu, cikin mako 2. Buhun hatsi kuma a ɓoye shi.

Tun da aka rufe kamfanin Cominak a 2021, aikin albashi ya ragu a Akokan. Gidan da jaki ke ɗauko wa ruwa da itace, in jakin ya gurgunce, tukunya ce za ta ji. Mu auna abin da muke ba shi.