Intanet a gida: rezo, wuta da kuɗin wata ne ya kamata su zaɓa wa iyali akwatin wifi

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kamfanin Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar bayan yarjejeniyar da ya ƙulla da gwamnati a watan Oktoban 2024, maganar saka intanet a gida ta bar ofisoshi da gidajen manyan ma'aikata ta shiga unguwanni. A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, shagunan da a da wayoyin salula da caja kaɗai suke sayarwa, yanzu sun jera akwatunan wifi, waɗanda wasu ke kira boks, wasu kuma rutar. Dalilin bai ɓoyu ba. Gidan da ke da wayoyi shida ko bakwai, kowace da nata forfe, yana kashe kuɗi da yawa a wata, ga ɗalibai masu neman darasi, ga ƴan kasuwa masu talla a WhatsApp, ga kiran bidiyo da ƴan uwa da ke ƙasashen waje.

Sai dai da yawa daga cikin masu saye suna fara lissafi ne daga inda ya kamata su ƙare. Suna kallon yawan eriya da manyan lambobin da aka rubuta a jikin kwali, su biya, su kai gida, sannan su tarar intanet ɗin na nan da jan ƙafarsa. Akwatin wifi ba ya ƙirƙirar intanet. Aikinsa ya karɓo daga wani wuri ya rarraba wa na'urorin gida, kamar yadda famfo ke raba ruwan da bututu ya kawo. Idan bututun ƙarami ne, girman famfo ba ya ƙara ko ɗigo.

Daga ina intanet ɗin zai shigo?

Hanyoyi uku ne a gaban mazaunin birni a Nijar. Ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce akwati mai ɗaukar sim, wanda ke kama rezon 4G na kamfanonin waya. Kamfanoni huɗu ne ke aiki a ƙasar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom, wanda ya gaji Orange bayan sayar da shi a 2019, da kuma Niger Telecoms na gwamnati, wanda aka kafa a 2016 ta hanyar haɗe Sonitel da SahelCom. Hanya ta biyu ita ce wayar fibar da ake ja har cikin gida, wadda ta fi kowace tsayawa da ƙarfinta, amma a wasu unguwannin manyan birane kawai ake samunta. Ta uku ita ce tauraron ɗan adam, wato Starlink, wanda ke zuwa da farantinsa da akwatinsa.

Kowace hanya da irin akwatin da ya dace da ita, kuma a nan ne ake yin asarar farko. Akwai akwatunan da ba su da ramin sim kwata-kwata, an ƙera su ne don a jona su da fibar ko wani modam. A ido suna kama da masu sim, sau da yawa ma sun fi araha kuma sun fi yawan eriya. Wanda ya sayi irin wannan alhali babu waya a gidansa, ya sayi abin ado.

Ga mai niyyar dogaro da 4G, gwajin da ya fi muhimmanci kyauta ne. Ƙarfin rezo yana bambanta daga unguwa zuwa unguwa, har ma daga ɗaki zuwa ɗaki. Kamfanin da ke gudu a tsakiyar gari yana iya rarrafe a sabuwar unguwa da ke bayan gari. Kafin a sayi komai, ana iya aron sim na kamfanoni daban-daban a saka a waya, a gwada a daidai wurin da za a ajiye akwatin, da safe da rana, musamman kuma bayan sallar isha'i, lokacin da jama'a suka fi hawa intanet. Eriyar kamfani guda ce ke raba ƙarfinta tsakanin duk masu amfani da ita a yankin, shi ya sa gudun da aka gani da asuba ba shi ne na dare ba.

Lambobin jikin kwali

Rubutu irin su N300, AC1200 ko AX1800 suna nuna iyakar gudun da ke tsakanin akwatin da wayar da ke kusa da shi, a yanayi mafi kyau, kuma an haɗa jimillar zangunan da akwatin ke watsawa ne. Ba su da alaƙa da abin da kamfani ke turowa. Idan rezo yana ba da megabit 10 a daƙiƙa, akwatin da aka rubuta wa 1200 ma megabit 10 ɗin zai raba.

Lambar da ta fi amfani ga akwati mai sim ita ce ajinsa na 4G. Aji na 4, wanda ake rubutawa Cat 4, iyakarsa megabit 150 ne, aji na 6 kuma yana kai 300 domin yana iya haɗa zangunan rezo biyu a lokaci guda, idan eriyar kamfanin ta ba da damar hakan. Haka nan akwatin da ke da wurin jona eriyar waje yana da daraja ga gidan da ke nesa da eriyar kamfani, domin ƙaramar eriya a saman rufi tana iya gyara abin da akwati mai tsada a cikin ɗaki ya kasa.

Ta fuskar wifi ɗin kansa, akwai zango biyu da aka fi sani: 2.4 GHz da 5 GHz. Na 5 ya fi gudu amma bango yana saurin karya ƙarfinsa. Na 2.4 ya fi jinkiri amma ya fi nisa da ratsa gini. A gidajen Hausa masu zaure, tsakar gida da ɗakuna a warwatse, ga katangar laka mai kauri ko ta siminti, ga ƙofofin ƙarfe da rufin kwano, zangon 2.4 ne zai yi yawancin aikin. Akwati mai zango biyu ya wadatar da yawancin iyalai. Sabon tsarin Wi-Fi 6, wanda ya shigo kasuwa a 2019, fa'idarsa ta fi fitowa ne inda na'urori masu yawa ke hawa lokaci guda, kuma sai wayoyin gidan sun san tsarin kafin a ci moriyarsa. Wurin ajiya ma yana da nasa tasiri: sama, a tsakiyar gida, kusa da taga, nesa da firji da kabad ɗin ƙarfe.

Kayan da ke tsallako iyaka

Kasuwannin kudancin Nijar suna da tsohuwar alaƙa da Kano, Katsina da Sakkwato, kuma akwatunan wifi suna bin hanyar da sauran kaya ke bi. Wasunsu kamfanonin wayar Najeriya ne suka sayar da su da rahusa, tare da kulle su don kada su karɓi sim ɗin kowa sai nasu. Akwatin da aka kulle wa MTN ko Glo ba zai yi aiki da layin Nijar ba sai an buɗe shi. Ko da na Airtel ne, yana iya ƙin sim ɗin Airtel na Nijar, domin kowace ƙasa da lambar rezonta. Masu gyara suna buɗe wasu, amma buɗewar tana kashe garanti, wani lokaci kuma ta lalata na'urar gaba ɗaya.

Wannan tambayar ta shafi akwatunan da kamfanonin cikin gida ke sayarwa su ma. Rahusar da ake samu a wurinsu tana iya zuwa da sharaɗin zama da kamfani ɗaya. Mai akwati buɗaɗɗe, in rezo ya lalace ko wani kamfani ya sauke farashi, sim kawai zai canza. Darajar wannan ƴanci ta bayyana a ranar 14 ga Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, lamarin da ya taɓa ƙasashe da dama har da Nijar. Ƙasar ba ta da teku, intanet ɗinta na ƙasa yana biyowa ne ta maƙwabta. Aikin shimfiɗa fibar na sama da kilomita 1000 da Bankin Raya Afirka ya tallafa, wanda ya haɗa da layin Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya, an yi shi ne don ƙara yawan waɗannan ƙofofin. Amma a matakin gida, kariya mafi sauƙi ita ce iya sauya sim.

Kayan gwanjo daga Amurka suna da tasu matsalar, domin zangunan 4G na can sun bambanta da waɗanda aka fi amfani da su a Afirka da Turai. Hanya mafi aminci ita ce a saka sim a gwada a cikin shago kafin a biya, a kuma karɓi takardar shaidar saye.

Wuta da zafi

Duk wanda ya rayu a Nijar a watan Agustan 2023 ya san abin da ɗaukewar wuta ke nufi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya, wadda ke ba ƙasar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta a lokacin, ta katse layin a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, wanda ba a ɗage ba sai a watan Fabrairun 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage raɗaɗi a Yamai, amma yankewar wutar Nigelec a lokacin bazara har yanzu abu ne da kowane gida ke lissafi da shi.

Akwatin 4G na gida yana cin kimanin wat 10, mafi yawansu kuma da volt 12 suke aiki. Ko an bar shi a kunne dare da rana, abin da zai sha a wata bai wuce kilowat-awa 7 da ɗoriya ba. Ƙaramin batirin ajiya ko ƙaramin faifan sola yana riƙe shi sa'o'i. Babban farantin Starlink kuwa yana cin wat 75 zuwa 100, wato sama da kilowat-awa 50 a wata, ƙaramin samfurinsa na Mini kuma wat 25 zuwa 40. Wanda zai sa Starlink a inda wuta ba ta tsayawa, dole ya haɗa kuɗin batir da sola cikin farashin.

Dawowar wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa tana ƙona caja, haka ma tsawa a lokacin damina, don haka na'urar kare hauhawar wuta tana biyan kuɗinta. Yawancin akwatunan gida an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Tawa da Yamai yana wuce haka a inuwa. Akwatin da aka ɗora daf da kwano, ko aka lulluɓe da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, zai dinga rage gudu ko kashe kansa.

Kuɗin da ba a gani a ranar saye

Farashin akwati sau ɗaya ake biyansa, forfe kuwa kowane wata ne. A ɗauka akwati ya ci jika 25, forfe kuma jika 15 a wata: a shekara guda an biya jika 180 na intanet, fiye da ninki bakwai na kuɗin na'urar. A ƙasar da mafi ƙanƙantar albashi yake jika 42, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, kayan Starlink kuwa sun ninka wannan albashin sau da yawa tun kafin a fara biyan na wata.

Wifi kuma yana sauya halin gida. Wayoyi da yawa suna jiran su ga wifi kafin su sauke sabuntawa da tura hotuna ajiya, bidiyo mai tsananin kyau kuma yana iya cin giga 3 a awa guda. Forfen da aka yi tsammanin zai kai wata yana iya ƙarewa cikin kwana goma. Kalmar da ake tallatawa ta intanet mara iyaka ma tana bukatar tambaya, domin sau da yawa akwai adadin da in an kai shi ake rage gudu. Akwatin da ke nuna abin da kowace waya ta ci, ya ba da damar iyakance ta ko kashe intanet da dare, ya fi amfani ga mai iyali a kan ƙarin eriya biyu.

Kulle ƙofa

Akwatuna da yawa suna zuwa da lambar sirri ta masana'anta wadda kowane yaro mai wayo a unguwa ya sani. Lambobi biyu ne ake bukatar canzawa: ta shiga wifi da ta shiga saitin akwatin. Tsarin kariya ya kasance WPA2 ko WPA3 da ya fito a 2018, a guji tsohon WEP da aka daɗe da fasawa, a kuma kashe WPS, wanda aka gano rauninsa tun 2011. Duk abin da baƙo ya aikata ta wifi ɗin gida, da layin mai gidan zai fita, layin da aka yi rajistarsa da sunansa.

Masu tunanin mayar da kuɗinsu ta hanyar sayar wa maƙwabta tikiti, sana'ar da aka sani da WiFi Zone, su kuma sun shiga wani fage. Sayar da intanet ga jama'a harka ce da ke ƙarƙashin ikon hukumar ARCEP, kuma tana bukatar izini. Forfen gida ma yana iya ƙunsar sharaɗin hana sake sayarwa.

Gasa tsakanin kamfanoni huɗu da tauraron ɗan adam tana nufin farashi da tsare-tsare za su ci gaba da motsi. A irin wannan kasuwa, iyalin da ya gwada rezo a ɗakinsa, ya auna abin da zai iya biya kowane wata, ya tanadi batir, sannan ya sayi matsakaicin akwati buɗaɗɗe mai zango biyu, shi ne zai iya bin duk sauƙin da ya zo ba tare da sake sayen na'ura ba.