Faifan "Anar" da Kiɗan Fiyanon da Muka Raina

A shekarar 2008 wani matashin makaɗin gita daga Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar, ya tsallaka iyaka ya shiga sutudiyo a Sakkwato domin naɗar faifansa na farko, "Anar". Ba'abzine ne, da harshen Tamashak yake waƙa, kuma gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, ya yi mata tsirkiya da wayar keke. Abin da ya tarar a Sakkwato shi ne kayan aikin mawaƙan finafinan Hausa: gangar na'ura, da manhajar Auto-Tune mai lanƙwasa murya har ta koma kamar sarewa. Bai ƙyamace su ba. Ya ɗora waƙoƙin hamada a kansu, aka sami wani sauti da kunnuwan Abzinawa da na Hausawa ba su saba da shi ba.

Babu kamfanin da ya fitar da faifan a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta Bluetooth da memori, har ya kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙar "Tahoultine", ya sanya ta cikin tarin "Music from Saharan Cellphones" da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma bi sawun mai waƙar har ya same shi. A 2014 aka buga "Anar" a faifan garmaho. Yau Mdou Moctar yana jagorantar ƙungiyar kiɗan rok, kamfanin Matador na Amurka ya fitar masa da "Afrique Victime" a 2021 da "Funeral for Justice" a 2024, jaridun Turai da Amurka suna kwatanta shi da Jimi Hendrix.

Me ya shafe mu, mu mazauna Zangon Kwatano? Faifan ba namu ba ne, kuma ba daidai ba ne mu ƙwace wa maƙwabtanmu Abzinawa abinsu. Sai dai tukunyar da aka dafa shi a ciki tamu ce. Wannan kiɗan fiyano shi ne yake tashi a shagunan tura waƙoƙi, da wuraren bikinmu, da manyan motocin da ke bin hanyar Parakou da Malanville. Duk da haka, da zarar an zauna zancen al'ada sai mu sunkuyar da kai, mu ce ai kwaikwayon Indiya ne, kiɗan yara ne, ba abin nuna wa baƙo ba ne.

Masu wannan suka suna da hujjarsu. Gaskiya ne na'ura tana rufa wa mai raunin murya asiri, kuma ta raba makaɗa da yawa da abincinsu. Wanda ya tashi da kalangun Mamman Shata ko kuntigin Ɗanmaraya Jos yana da damar jin an yi asara. Amma laifin rago ba ya hawa kan fartanya. "Anar" ya nuna cewa kayan aikin da wani ke ɓoye kasawarsa da su, wani zai iya ƙirƙiro sabon abu da su. Kuma tun da baƙo ya tsaya ya saurara har Sahel Sounds ta fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna "Harafin So" a 2013, abin kunya ne a ce mu masu abin ba mu taɓa zama mun tace tsaba daga tsakuwa ba. Ko dai mu yi watsi da shi gaba ɗaya, ko mu jira wani ya yaba daga ƙetare sannan mu tafa.

Garin nan da muke zaune ya riga ya ba mu darasi. Ƙungiyar Orchestre Poly-Rythmo de Cotonou, wadda Mélomé Clément ya kafa, ta haɗa kiɗan gargajiyar kudancin Benin da gita da ƙahonni, ta yi tashe a shekarun 1970. Daga baya faifanta suka warwatse, sai da kamfanin Analog Africa na Jamus ya bi ya tattaro su ya fara sake fitarwa a 2008. Su sun yi sa'a, domin faifan garmaho yana jure shekaru a cikin ƙura. Memori kuwa ba shi da wannan haƙuri: waya ta faɗa ruwa, waƙoƙi ɗari sun tafi, ba sunan mawaƙi, ba shekara.

Saboda haka muna da aiki biyu. Na farko, mu saurari abin da yaranmu ke haɗawa a ɗakunansu, inda Hausa ke cuɗanya da Faransanci da Fon da Dendi, mu yi masa hukunci da kunnuwanmu: mai kyau mu ce yana da kyau, mara kyau mu faɗi inda ya gaza. Na biyu, mu adana. Duk mai tsohuwar waƙar biki ko ta sutudiyo a wayarsa ya kwafe ta wuri na biyu, ya rubuta sunan mai ita, da garin da aka naɗe ta, da shekarar. Masu shagunan tura waƙoƙi su ne suka fi kowa riƙe da wannan dukiya, kuma da su ya kamata a fara magana.

Allah ya sa mu san darajar namu tun yana hannunmu.