Sauyin Yanayi: Don Me Ake Horar Da Malamai A Bar Malamin Islamiyya?

  

A watan Nuwamba na shekarar 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar sauyin yanayi ta Nijeriya, wadda ta tanadi a shigar da wannan ilimi cikin manhajar makarantu a dukkan matakai. Wannan abu ne mai kyau, sai dai manhaja ba ta karantar da kanta. Binciken da hukumar UNESCO ta fitar a shekarar ya nuna cewa kashi 95 cikin ɗari na malaman da aka tambaya sun yarda darasin yana da muhimmanci, amma waɗanda suke jin za su iya karantar da shi ba su kai kashi 40 ba. Idan haka abin yake a duniya, to ina ga malamin Islamiyya da ke Kademi, ko wani ƙauye na Gaya da Ajingi, wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba idan an zo rabon takardar gayyata?

Ina da magana da ɓangarori biyu, kuma ba zan sassauta wa kowa ba.

Na farko su ne masu shirya bita. Tsarin da aka saba shi ne a kama ɗakin taro a otal cikin birni, a tara malamai kwana biyu, a yi ta nuna musu hotunan ƙanƙarar da ke narkewa da harshen Ingilishi, a raba alawus da takardar shaida, kowa ya kama gabansa. Don Allah wane yaro ne a Kademi ya taɓa ganin tsibirin ƙanƙara? Abin da ya sani shi ne geron da mahaifinsa ya shuka da ruwan farko ya ƙone, aka sake shuka. Ya san ruwan da ya ɗauke mako biyu, sannan ya sauko a dare ɗaya ya kwantar da katangar gidansu. Horon da bai fara daga nan ba ɓarnar dukiya ce. Sannan wanda yaran nan suke zuwa wurinsa kowace yamma, wanda iyayensu suke tambayarsa hukuncin zakkar amfanin gona, wanda yake hawa mumbari ran Juma'a, shi ne ake bari a waje. Wa kuke zaton manomi zai fi saurara?

Ɓangare na biyu su ne 'yan'uwana malamai masu cewa: ai ruwa na Allah ne, batun sauyin yanayi kuwa tatsuniyar Turawa ce. Babu Musulmin da yake jayayya cewa ruwa na Allah ne. Amma tun yaushe imani da ƙaddara ya zama hujjar jahiltar sababi? A Suratu Yusuf, Annabi Yusuf (AS) ya samu labarin fari na shekara bakwai, sai ya tsara yadda za a noma a ajiye hatsi a zangarniyarsa. A shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin farin da ake kira Amur Ramada, Sayyidina Umar (RA) ya yi roƙon ruwa, ya kuma rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci. Aya ta 41 a Suratur Rum kuwa ta danganta ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata. Shin mun fi waɗannan tawakkali ne?

Ga abin da ya kamata kowane malami ya iya bayyanawa da Hausa. Ƙona man fetur da kwal da iskar gas, da sare dazuzzuka, suna ƙara iskar kabon a sararin samaniya, ita kuma tana riƙe zafin da ya kamata ya fita, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin masana'antu yawanta kusan kashi 280 ne cikin miliyan, yanzu ya haura 420. Iska mai zafi tana ɗaukar tururin ruwa da yawa, shi ya sa ƙasa take saurin bushewa, idan kuma ruwan ya tashi sauka sai ya zo kamar da bakin ƙwarya. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, maƙwabciyarmu Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Maiduguri. Gaskiya ne akwai sakaci da gine-gine a kan magudanan ruwa cikin waɗannan masifu, kuma malamin da ya samu horo shi ne zai iya bambance wa ɗalibi abin da yanayi ya jawo da abin da sakacinmu ya jawo.

Wani zai ce manyan ƙasashe irin su Amurka da Sin ne suka gurɓata iskar, me ya shafe mu? Haka ne, rabonmu a laifin kaɗan ne, kuma haƙƙinmu ne mu nemi adalci. Amma wanda gobarar maƙwabci ta kamo danninsa ba ya tsayawa shari'a kafin ya ɗebo ruwa. Ku dubi 'yan'uwanmu na Maraɗi. Tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture, suna barin tohon gawo da sauran itatuwa su girma a cikin gona, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana, yana kuma ƙara wa ƙasa taki. Wannan darasi ne da za a haɗa da hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim a kan ladan dashe, wanda yake zama sadaka duk lokacin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi.

Kayan aikin kuma ba su yi nisa ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote tana nan Wudil kusa da mu. Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken noma a busassun yankuna. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa tana Kaduna tun 1976. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a ƙananan hukumomi. Abin da nake kira a yi shi ne hukumar kula da makarantun Alƙur'ani da Islamiyya ta Jihar Kano ta haɗa kai da waɗannan, a kawo horon Gaya da Ajingi, da Hausa, kafin faɗuwar damina, a zaunar da malamin kimiyya da malamin fiƙihu a tabarma ɗaya, a kuma dawo bayan kaka a ga abin da aka karantar.

Ku kuma matasa masu shiga intanet, kada ku jira. Ku sauko da hasashen damina na bana, ku kai wa malaminku na Islamiyya, ku zauna ku karanta tare. Ilimin da zai tsare abincin mutane yana cikin farillan kifaya, idan kowa ya bar shi, dukkanmu za a tambaya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga fari da ambaliya.