Karayar Kwankwason Tsoho Ba Ta Ɗori Ba Ce

'Yan'uwa magidanta na Maruta da kewaye.

Idan tsoho ko tsohuwa ta zame a wurin alwala ko ƙofar bayan gida, ta kasa miƙewa, kuka ga ƙafar ta gajarce, tafin ya juya waje, don Allah kada ku ce targaɗe ne. Kada a ja, kada a murza. A kai ta a ɗauki hoton ƙashi a ranar.

Ina girmama masu ɗori, gado ne. Amma wannan ƙashin yana can cikin nama, ina za a ɗaura karare? Sau da yawa wuyan ƙashin cinya ne ke karyewa, kuma ta nan jini ke bi ya ciyar da kan ƙashin. In hanyar ta yanke, kan ya mutu, ko buhun habbatus-sauda aka sha. Ni mai sayar da ita ne nake faɗa muku. Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi magani ba da sani ba, shi ke ɗaukar alhakin ɓarnar.

Kwanciyar ita ce abin tsoro. Tsoho ya yi wata biyu a tabarma, sai gyambo a baya, ciwon huhu, jini ya daskare a ƙafa. Ko a Turai, cikin tsofaffi 5 masu wannan karaya, kusan 1 ba ya cika shekara. Shi ya sa likitoci ke son yin aiki cikin kwana 2, a sa ƙarfe ko a sauya kan ƙashin, washegari a zaunar da shi, a fara koya masa takawa.

Masu cewa "ai Baba ya tsufa, ba zai jure aiki ba", wa ya auna shi? Ku bar wa likita, sau da yawa ma rabin jiki ake kashewa da allura a baya. Ga Asibitin Tarayya na Birnin Kudu kusa da mu, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kuɗi kam akwai nauyi, dangi su haɗa tun daren farko.

Bayan an sallamo shi, ku zo a yi maganar zogale, nono da man zaitun. Sallah kuma ya yi a zaune ko a kwance, shari'a ta sauƙaƙa masa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ku tura wa 'yan'uwa.